Yaron da ya fi Dodo ban tsoro

Ƴan'uwa matasa, yau zancen fim na kawo muku, kuma ina roƙon ku karanta har ƙarshe kafin ku ce wasa nake.

Dukanmu mun tashi da Dodo. A tatsuniya Dodo ƙato ne, yana zaune a daji ko cikin ruwa, kuma duk girmansa a ƙarshe Gizo ko wata yarinya mai wayo suna shammatarsa. Yaro yana jin tsoronsa, amma tsoro ne mai iyaka, don Dodo yana can waje, shi kuma yana nan jikin kakarsa. To yanzu ƙannenmu suna kallon wani abu daban a telebijin da salular yayyensu: shirye-shiryen almarar kimiyya inda abin tsoron yaro ne kamarsu. Na lura yaron da zai kalli mutum-mutumin ƙarfe yana rusa gari yana dariya, shi ne zai ƙi shiga ɗaki shi kaɗai bayan ya ga wata ƴar yarinya mai fararen idanu tana magana da muryar da ba tata ba. Mi ya sa?

Misalin da ya fi kowane bayyana lamarin daga Birtaniya yake. Shirin Doctor Who na BBC ya fara tun 1963, kuma Turawan Ingila har yau suna ba da labarin yadda suke ɓuya bayan kujera suna leƙensa lokacin ƙuruciya. A watan Mayu na 2005 aka nuna wani kashi mai suna The Empty Child, wanda Steven Moffat ya rubuta. Labarin yana faruwa a Landan a 1941, lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a birnin. Wani ɗan yaro mai suna Jamie yana yawo cikin dare, fuskarsa rufe da takunkumin roba na kariya daga iskar guba, mai idanu biyu na gilashi. Ba ya cizo, ba ya gurnani, ba shi da makami. Tambaya ɗaya ce a bakinsa ga duk wanda ya gani: ko ita ce uwarsa. Wanda ya taɓa kuwa, fuskarsa sai ta rikiɗe ta koma takunkumin, shi ma ya kama wannan tambayar. Kashin da ci gabansa sun ci kyautar Hugo a 2006, kuma masu bin shirin suna lissafa shi cikin waɗanda suka fi firgita su.

Dalili na farko shi ne, jikinmu yana ba mu umarni biyu masu karo da juna. Masanin halayyar dabbobi Konrad Lorenz ya bayyana tun 1943 cewa siffar jinjiri, wato babban kai, manyan idanu, gajerun gaɓoɓi, tana tayar da tausayi a zuciyar mai kallo ba da shawararsa ba. Ka ji yaro yana kukan neman uwa bayan ƙofa, hannunka zai kai ga sakata kafin ka yi tunani. A shirin nan kuwa buɗe ƙofar shi ne halaka. Da Dodo ka san abin yi, gudu ne kawai. Da Jamie zuciyarka tana cewa ka rungume shi, hankalinka yana cewa ka tsere, sai ka tsaya cak. Babba ma yana jin wannan, bare yaron da kullum ake koya wa cewa idan ƙaninsa ya yi kuka ya ɗauke shi.

Na biyu, fuska. Yaro da fuska yake karanta duniya. Kafin ya iya magana ya riga ya iya gane ko Inna ta yi fushi ko tana wasa. Takunkumin Jamie ya ɗauke wannan gaba ɗaya: muryar ta yaro ce, wandon da takalman na yaro ne, amma wurin da ya kamata a ga ido da baki babu komi sai gilashi da roba. Wani masanin mutum-mutumi na Japan, Masahiro Mori, ya rubuta a 1970 cewa abin da ya yi kama da mutum sosai amma ya ɗan kauce ya fi tayar da tsigar jiki fiye da abin da bai yi kama da mutum ba sam. Shi ya sa yaran fim ɗin Village of the Damned na 1960, wanda aka ɗauko daga littafin John Wyndham na 1957, suke da ban tsoro alhali tsaf suke, da farin gashi da tufafi masu tsabta. Ba sa dariya, ba sa wasa, suna magana kamar dattawa. Kowane yaro ya san yadda yara suke, don haka nan take yake gane cewa waɗannan da sauran magana.

Na uku shi ne wanda na fi so mu tsaya a kai. Yaron da ke kallo ba ya ganin kansa a jikin Dodo, amma yana ganin kansa a jikin Jamie. Tambayar da ke ransa ta wuce “zai kama ni?”, ta koma “zan iya zama shi?” Kuma idan na zama shi, Inna za ta gane ni, ko ita ma gudu za ta yi? Duk wanda ya taɓa ɓacewa a kasuwa yana ƙarami, ko da na minti biyar ne, ya san ba tsoron da ya kai na neman uwa a rasa. Shirin Stranger Things ya taɓa wannan jijiyar a zangonsa na biyu a 2017, inda wani abu ya shiga jikin yaron nan Will, uwarsa tana kallon fuskar ɗanta ba ta da tabbacin da wa take magana.

Akwai bincike da ya goyi bayan wannan. Joanne Cantor ta jami'ar Wisconsin a Amurka ta shafe shekaru tana nazarin tsoron da telebijin ke sa wa yara. Ita da Glenn Sparks sun duba yadda yara ke kallon shirin The Incredible Hulk, inda mutumin kirki yake rikiɗewa ya zama ƙaton kore. Manyan yara sun fi damuwa kafin rikiɗewar, lokacin da jarumin ke cikin haɗari, kuma da ya rikiɗe sai hankalinsu ya kwanta, don sun san taimako ya zo. Ƙananan da ba su shiga makaranta ba kuwa, rikiɗewar ce take firgita su. Ba su kai ga fahimtar cewa mutumin yana nan cikin sabuwar siffar ba. A wurinsu ya tafi ke nan.

Sai dalili na huɗu, wanda yara ba sa faɗi amma suna ji: a irin waɗannan labarai manya ba su da iko. A 1961 shirin The Twilight Zone ya nuna labarin Anthony, ɗan shekara shida da ke karanta tunanin mutane, yana ɓatar da duk wanda ya ɓata masa rai. Uwa, uba, maƙwabta, kowa murmushin dole yake yi a gabansa. Za ka zaci yaro zai so irin wannan mulki. Ina! Duk rigimar yaro, kwanciyar hankalinsa tana kan sanin cewa akwai babban da zai ce masa “bari”. Gidan da Baba ke tsoron ɗansa gida ne marar katanga.

To mi za mu yi? Na san wasu za su ce a hana kawai. Ni ban goyi bayan haka ba, kuma ko mun so ba za ta yiwu ba, tunda fim yana yawo daga salula zuwa salula a kowace fada daga Maradi har Damagaram. Tsoron da ke da farko da ƙarshe, wanda aka ji a gefen babba, ba sabon abu ba ne a tarbiyyarmu, ai aikin da tatsuniya ke yi ke nan. Bambancin shi ne kaka tana kallon idon jikanta, idan ta ga abin ya yi yawa sai ta sassauta murya ko ta jawo Gizo ya ba da dariya. Salula ba ta kallon idon kowa. Don haka nauyin a kanmu yake, mu yayye da muke miƙa wayar don a bar mu mu sha shayi.

Ɗan shekara huɗu ko biyar bai kamata ya ga irin wannan ba, ko da rana ce. Idan kuma ya riga ya gani, binciken Cantor ya nuna cewa “ai ba gaskiya ba ne” ba ta cika yi wa ƙanana aiki ba. Ɗauka da runguma da kawar da hankali sun fi. Ga na shekara tara ko goma bayani yana aiki: nuna masa cewa ɗan wasa ne, kwalliya ce aka yi masa, an gama ɗauka ya koma gida ya ci abinci. Kada ka yi masa dariya, kada ka ce masa matsoraci, in ba haka ba gobe zai ɓoye maka. Kuma idan kun fara, ku kai ƙarshe tare. Kashe wayar a tsakiyar tsoro yana barin yaro da rabin labari, shi zai ƙarasa sauran cikin duhu.

Ƙarshen labarin Jamie ya cancanci a sani. Wasu ƙananan na'urorin magani ne daga wani jirgin sama-jannati suka tarar da gawarsa. Ba su taɓa ganin ɗan Adam ba, sai suka ɗauka takunkumin ma fuska ce, suka tashe shi a haka. Nancy, yarinyar da ke ciyar da yaran titi tana cewa Jamie ƙaninta ne, ashe ita ce ta haife shi tana ƴar shekara goma sha, kunya ta sa ta ɓoye. Da ta durƙusa ta amsa masa cewa ita ce uwarsa ta rungume shi, sai na'urorin suka gane kuskurensu, suka mayar da kowa yadda yake.

A nan labarin Landan ya taɓo mu. Mu ma muna da yaran da aka liƙa wa fuskar da ba tasu ba. Jinjirin da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa, wuyansa bai tsaya ba, sai a ce ɗan ruwa ne, a riƙa kauce masa maimakon a kai shi asibiti. Yarinyar da ta haihu ba aure, ana tilasta mata ta ce ɗanta ƙaninta ne. Ƙannenmu suna ganin duk wannan, suna kuma lura da wanda ake runguma da wanda ake gudu. Idan ƙaninka ya zo da daddare yana rawar jiki saboda yaron da ya gani a fim, matsa masa a tabarma, ka tambaye shi abin da ya gani, ka saurara har ya gama.

Ku faɗa mana a ƙasa: wane shiri ne ya hana ku barci kuna yara, kuma wa ya zauna da ku?