Tiyatar Zuciya Ga Tsintaccen Kare: Hauka Ne Ko Tausayi?



A ƙasashe irin su Amurka da Ingila akwai gidajen da ake tara karnukan da aka tsinta a titi, ko waɗanda masu su suka yar. Mutum yakan je ya ɗauki ɗaya ya kai gida ya riƙe. Wani lokaci sai likitan dabbobi ya saurari ƙirjin karen, ya ce zuciyarsa tana da matsala, kuma sai an yi masa tiyata. Kuɗin yakan kai dubban daloli. Idan mai karen ba shi da su, sai ya buɗe gidauniya a intanet yana neman taimako. Na san abin da yawancinmu za su ce: "Kare? Lallai mutanen nan sun ƙoshi!" Nawa ra'ayin ya bambanta, kuma ina roƙon ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Mu fara da ciwon kansa. Ɗan kwikwiyo yana cikin uwarsa ba ya numfashi da huhunsa. Saboda haka akwai wata 'yar gajeriyar jijiya kusa da zuciya wadda take ba jini hanya ya wuce ba tare da ya bi ta huhu ba. Bayan haihuwa da 'yan kwanaki jijiyar takan toshe da kanta. A wasu 'yan kwikwiyon sai ta ƙi toshewa. Jini ya riƙa komawa huhu fiye da ƙima, zuciya ta riƙa aikin da ya fi ƙarfinta har ta kumbura. Karen yakan yi ta haki, ya gaji da wuri, kuma da yawa ba sa daɗewa a duniya. Idan likita ya buɗe ƙirjin ya ɗaure jijiyar, ko ya zura abin toshewa ta jijiyar cinya, yawanci karen yakan warke ya yi rayuwarsa kamar kowane kare. Akwai kuma wata tiyatar da ta fi wannan tsada nesa ba kusa ba, ta gyaran murfin cikin zuciya mai hana jini komawa baya. Wurare kaɗan ne a duniya suke yin ta, har wasu sukan ɗauki karnukansu a jirgi zuwa birnin Yokohama na ƙasar Japan, su biya dubun-dubatar daloli.

Yanzu mu yi lissafi irin na aji. Dala 1,000 kacal ta haura naira miliyan ɗaya. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya tun 2024 naira 70,000 ne. Ke nan sai ma'aikaci ya tara albashin fiye da wata 14, bai ci ba bai sha ba, kafin ya haɗa dala 1,000. Wannan shi ya sa labarin yake ba mutane haushi, kuma haushin yana da dalili. Irin wannan jijiya tana ƙin toshewa a jikin jariran mutane ma. Tun 1974 aka yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Nijeriya, a asibitin koyarwa na Inugu, amma har gobe kuɗinta ya fi ƙarfin talaka, shi ya sa muke jin iyaye suna cigiyar taimako a rediyo. Idan aka ajiye mini yaro da kare, aka ce kuɗin tiyata ɗaya ne kawai, yaron zan zaɓa ba tare da na tsaya tunani ba. Ran mutum yana gaba.

To, me ya sa duk da haka ban kira masu biya wa kare mahaukata ba? Dalilina na farko yana cikin tarihi. A asibitin Johns Hopkins da ke Amurka an yi wani baƙar fata mai suna Vivien Thomas. Kafinta ne a da, kuma rashin kuɗi ya hana shi karatun likita, sai ya zama mataimakin Dakta Alfred Blalock a ɗakin gwaji. Wata likitar yara, Helen Taussig, ta kawo musu matsalar jariran da jikinsu ke komawa shuɗi saboda jini ba ya isa huhunsu sosai. Thomas ya yi ta gwada tiyatar a kan karnuka kimanin 200 har ya gwanance. A watan Nuwamba na 1944 aka yi wa wata jaririya tiyatar a karon farko, Thomas yana tsaye a kan 'yar kujera a bayan Blalock yana nuna masa yadda zai yi. Wata karya mai suna Anna ita ce ta farko da ta daɗe a raye bayan gwajin, kuma an rataye hotonta a asibitin. Dubban yara sun rayu saboda wannan aiki. A ganina, tunda a ƙirjin karnuka likitoci suka koyi ɗinka jijiyoyin zuciyar yara, idan yau ilimin ya dawo ya ceci kare ɗaya, wani ɓangare ne na bashi aka biya.

Dalili na biyu shi ne amana. Babu wanda ya tilasta wa mutum ya ɗauki kare daga titi. Amma da zarar ya ɗauka, cinsa da shansa da lafiyarsa sun hau wuyansa. Wanda ya ji likita ya ce akwai magani, ya tashi yana neman kuɗin ta hanyar halal, ya fi mini wanda zai mayar da karen bola ya ɗauko wani mai lafiya. A Islamiyya ma an karantar da mu labarin mutumin da Allah ya gafarta masa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Idan ruwan sha ya kai wannan matsayi, ban ga yadda magani zai zama abin dariya ba.

Dalili na uku, ku lura da yadda ake haɗa kuɗin. Yawancin masu tsintar karnukan nan ba attajirai ba ne. Inshorar dabbobi kuwa ba ta cika biyan ciwon da dabba ta riga ta kamu da shi kafin a yi mata rajista ba. Sai wani ya ba da dala 5, wani dala 20, wani lokaci gidan da aka ɗauko karen ya taimaka, ko asibiti ya yarda a riƙa biya kaɗan-kaɗan. Kamar gudunmawar biki ce a wajenmu, hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Kowa da kuɗinsa ya bayar, kuma babu abin da ya hana mai ba kare dala 5 ya ba yaro dala 50. Tambayar da nake yi wa masu dariya ita ce: kuɗin da kai ba ka ba karen ba, wane yaro ka ba?

Sai dai tausayi ma yana da iyaka. Ban yarda mutum ya ci bashin da zai hana 'ya'yansa makaranta ba, ko ya sayar da gidan da iyalinsa ke ciki saboda kare. Wanda ya nema bai samu ba, ya tambayi likita magungunan da ke rage wahalar zuciya, ya ba karen inuwa da abinci da hutu. Wannan bai ci amana ba, ya yi iya ƙarfinsa.

Mu kuma fa? Babu wanda ya ce mu tara miliyoyi. Karnukan unguwarmu, masu gadin gida da na farauta da masu bin makiyaya, abin da suke bukata mai araha ne. Allurar rigakafin ciwon haukan kare tana kare karen, tana kuma kare mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan ciwo yana kashe mutum kimanin 59,000 a duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma da yawa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, wato sa'o'inmu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin wannan allura, kuma akwai asibitocin dabbobi a jihohinmu. Rigakafi ya fi magani.

Don haka ina kira ga 'yan uwana ɗalibai, mu daina jifan karnuka a hanyar makaranta, domin kare mai jin tsoro ya fi saurin cizo. Wanda ake kiwon kare a gidansu ya tuna wa Baba maganar allura. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a kai shi asibiti nan take. Ina kuma roƙon malamanmu na kimiyya su gayyato mana likitan dabbobi ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, ya yi mana bayani a taron safe.

Wanda bai yarda da ni ba, akwatin Ƙungiyar 'Yan Jarida a buɗe yake. Ya rubuto nasa ra'ayin, za mu manna shi a nan mako mai zuwa.

Daga wata ɗaliba 'yar aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida.