FILIN NA'URA: In bidiyo ya tsaya cak

Tun da faɗa ya lafa a Kartum a 2025, mutane suka fara komawa gidajensu a Alshajara da Umdurman, waɗanda suka tarar da kwamfutarsu ba a sace ba sun yi murna. Amma da dama sun kunna ta don kallon tafsiri ko fim ɗin Kano a YouTube, sai abin ya ƙi. Kafin ka kai wa mai gyara kuɗin cefanenka, ga abin dubawa.

Fara da agogon da ke ƙasan allo. Yawanci cikin kwamfuta akwai ɗan batir mai kama da kwabo, galibi CR2032, shi ke riƙe kwanan wata in an kashe ta. Kwamfutar da ta kwana rufe tun Afrilun 2023 mai yiwuwa nata ya mutu, ta koma wata shekarar da ta wuce. Shafin intanet kuwa yana da takardar shaida mai wa'adi. In kwanan watanka bai dace da ita ba, ba za a buɗe maka ba. Gyara kwanan wata, ka canja batirin. Na sha ganin an yanke wa na'ura hukuncin mutuwa a kan wannan ɗan abu.

In shafi ya buɗe amma da'ira tana ta juyawa a tsakiyar hoto, to laifin layi ne. Gwada bidiyon a wayarka da layin nan ɗaya. In ita ma ta tsaya, kwamfuta ta fita zargi. Danna alamar saiti ka rage ingancin hoto. YouTube na son wajen megabit 5 a daƙiƙa don 1080p, amma 480p kaɗan ya ɗara megabit 1. Awa guda a 480p kusan rabin gigabait ce, a 1080p kuwa ta haura biyu. Mai sauraron wa'azi me zai yi da ƙirga gashin gemun malam? Matsar da modam kusa da taga, ka ce wa yara su sauka daga layin. Bayan isha'i kowa na kai; bayan asuba ya fi sauƙi.

Akwai kuma inda murya ke tafiya daidai, hoto na tsalle, fanka na gurnani. Wannan zafi ne. Ƙurar habub ta toshe mata hanyar iska, ita kuma tana rage gudu don kada ta ƙone. Cire ta daga wuta, a hure ƙurar, kuma a daina ɗora ta bisa katifa.

Mai Windows 7 ya sani Chrome ya daina sabunta masa tun farkon 2023, a lamba 109. Wannan kam sai an sa masa sabon tsari, in na'urar za ta ɗauka.