“Nawa Ka Sayi Zaren?”



Akwai wani Alhaji da ya addabi labaran da ake turowa wannan zaure. Sunansa kan canza daga labari zuwa labari, amma kamfaninsa yana nan a Sharada, in marubuciya ta so sauyi ta mayar da shi Bompai ko Challawa. Ba a taɓa gaya wa mai karatu abin da ake yi a kamfanin ba, sai dai a ce ɗansa ya shiga ofis ya sa hannu a takardu. Shi kuwa mahaifin yarinya, in ana son a nuna talauci, sai a ce maƙeri ne ko baduku, uwarta kuma ɗinkin hula take yi. A ba su layi biyu, tari ya kama tsohon, ya rasu a babi na uku. Mu a ganinmu wannan ya wuce lalacin alƙalami. Raini ne da aka ɗebo daga kasuwa aka zuba a takarda, kuma rainin yana da tambaya guda da yake fita da ita: “Nawa ka sayi zaren?”

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai tayin aikin hannu ya san wannan tambaya. A ɗauki hula a juya, a ƙirga kuɗin ƙyalle da na zare, a ɗora ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a ce albarka ko a bari. Makonnin da matar ta yi a duƙe ba sa cikin lissafi, haka idonta da ke raguwa, haka shekarun da ta yi tana ɓata ƙyalle kafin hannunta ya faɗa. To mu yi lissafin da ake gudu. A shekarar 2024 an tsayar da mafi ƙarancin albashi a Najeriya a kan naira 70,000 a wata. A ce hula ɗaya ta ci mako biyu, ladan aikin kaɗai ya kama naira 35,000 ke nan, ban da kayan aiki. Ku tambayi matan unguwarku masu karɓar ɗinki daga hannun dillalai ko akwai wadda ta taɓa ganin rabin wannan. Haka mai babbar riga, wanda zai zauna a zaure wata da watanni a kan aska takwas, bayan wani ya riga ya yi masa zayyana. Ranar da rigar ta hau jikin basarake kowa zai ce ma sha Allah, babu mai tambayar sunan wanda ya ɗinka.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne a Kano ake wannan raini, garin da hannu ya gina tun kafin a san inji. Marinar Ƙofar Mata na danganta kafuwarta da shekarar 1498. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, bai tarar da bututun hayaƙi ko ɗaya ba, amma ya ƙiyasta cewa tufafin da ake kai wa Tambutu kaɗai sun kai kayan raƙumi 300 a shekara. Mata ne suka kaɗa zaren a ɗaka, masaƙa suka saƙa, marina suka tsoma a baba, mabuga suka buga har ya yi sheƙi. Turkuɗin Kura shi Buzaye suke naɗawa a cikin Sahara. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda majema suka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, ita ce ta ratsa hamada ta isa Turai, can aka raɗa mata suna fatar Maroko, domin ta can ta biyo. Tun a wancan zamani aikin namu ne, sunan na wasu.

Yanzu mu koma Sharada ɗin da ake so. Ba ma ƙin masana'anta, kada wani ya juya mana magana. Bompai da Sharada da Challawa sun ciyar da dubban gidaje, kuma duk wanda ya ga yadda da yawansu suka mutu, tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 zuwa matsalar lantarki da kwararowar kayan waje, har wasu suka koma rumbunan ajiye kayan da aka shigo da su, dole ransa ya sosu. Amma ku tambayi kanku dalilin da ya sa kamfanonin jima suka taru a Challawa da Sharada. Sun tarar da gari mai fatake da dillalan fata da mutanen da suka gaji sanin fata mai kyau da tafin hannu. A kan wannan gado aka dasa injinan. Sannan ku bi fatar ku ga inda take ƙarewa. Mafi kyawunta jirgi take hawa zuwa Italiya da Sifaniya, a bar wa kogin Challawa da mazauna gefensa ruwan sinadari da wari. A can sai ta faɗa hannun baduku. I, baduku, ko da kuwa yana sanye da farar riga a cikin shago mai sanyi. Kamfanin Hermès na Faransa yana alfahari da cewa mutum ɗaya ne ke ɗinka jaka daga farko har ƙarshe da hannunsa, kuma a kan wannan hujja ake sayar da ita kuɗin da zai sayi mota. Ashe mataki mafi tsada a tafiyar fata shi ne wanda ake yi da allura da zare, wato daidai matakin da ake wulaƙantawa a Ƙofar Wambai, inda mai saye zai taya takalmin hannu a kan farashin na roba.

Za a ce mana talauci ne, mai neman na abinci ba zai sayi hular wata guda ba alhali ga ta inji. Gaskiya ne, kuma babu wanda ya ce a hana talaka abin da aljihunsa zai ɗauka. Sai dai ba talaka ne ke yin wannan tayi ba. Wanda zai biya kuɗin shadda da agogon waje ba tare da ya ce uffan ba, shi ne zai zauna ya yi awa guda yana ja-in-ja da tsoho a kan ladan aikinsa, yana cewa ai na gida ne. Za a kuma ce masu sana'ar su ma suna da nasu, ga saɓa alkawari, ga ha'inci a kayan aiki. Akwai wannan, kuma ba ma wanke kowa. Amma wanda aka saba biyansa kuɗin kwana uku a kan aikin mako uku, dole ya karɓi aiki goma a lokaci guda, dole ya rage zare. Araha ba ta ado, in ji Bahaushe, kuma mai saye ne ya fara zaɓar arahar.

Mu ɗauki sana'o'i biyu da suke gab da ɓacewa daga rubutunmu, ko da yake duk sallah ana ganinsu. Na farko lifidi. Tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka fara amfani da lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi ƙyalle ne ninki biyu da ake cusa wa auduga, a bi shi da ɗinki layi bayan layi har ya yi kaurin da kibiya ba ta ratsawa cikin sauƙi, a suturta doki da mahayinsa. In ɗinkin ya yi nisa da juna audugar ta tattare waje guda, in cusar ta yi yawa doki ya kasa motsi. Ran mutum ne ya rataya a kan wannan awo. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali, aka yi ta murna a Facebook, aka yi ta ɗora hotunan 'yan lifida. Mun duba, ba mu ga wanda ya ɗora hoton mai ɗinka lifidin ba.

Ku kwatanta da wani ƙauye da ake kira Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka. Matan baƙar fata ne, jikokin bayi, suke harhaɗa tsummokaran kayan aiki suna ɗinka barguna don maganin sanyi. Shekara da shekaru babu mai kallonsu. A 2002 aka baje kolin bargunan a manyan gidajen adana zane na Houston da New York, a 2006 hotunansu suka hau kan sarkin gidan waya na Amurka. Ɗinkin bai canza ba. Abin da ya canza shi ne an samu masu zuwa su zauna da matan, su rubuta sunan kowace, su bayyana yadda take zaɓar launi da dalilinta. Aikin masu alƙalami ke nan, irin namu.

Ta biyu ƙirar bindiga, kuma a nan sai mun taka a hankali. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana ƙera bindiga ba da izini ba, kuma a wannan zamani da 'yan ta'adda suka hana ƙauyukanmu barci, duk maƙerin da ya ƙera wa ɗan fashi makami abokin laifinsa ne, babu wani kare shi. Amma bindigar da 'yan bindigar sarki ke bugawa a ranar hawan Daushe, da ta maharbi mai tsaron gona, ba daga sama suka faɗo ba. Tarihin Kano ya ambaci shigowar bindigogi daga Nufe a zamanin Kumbari, ya kuma ce Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Tun daga lokacin ake buƙatar mai gyara da mai ƙerawa. Mutumin da zai zauna gaban zugazugi da uwar maƙera da masaba, ya gane zafin ƙarfe daga launinsa, ya daidaita kunama, ya sassaƙa ƙota ta zauna a kafaɗa, yana sane da cewa kuskure kaɗan zai fashe a fuskar mai ita, wannan injiniya ne da bai shiga aji ba. A Landan akwai gidan Purdey, tun 1814 suke ƙera bindigar farauta da hannu, mai so sai ya jira fiye da shekara. Mu kuwa ba a jin labarin namu sai ranar da 'yan sanda suka jera shi gaban 'yan jarida. Da ana ƙirga irin wannan basira a matsayin dukiya, da tuni an san inda take, an yi mata rajista, an juya ta ga ƙera kayan gyaran injinan da suke tsaye a Sharada suna jiran a kawo ƙarfe ɗaya daga Sin.

Me ya kawo wannan magana zauren marubuta? Domin tambayar nan ta zare ita ce ake yi muku kullum. Marubuciya ta yi wata shida tana rubutu a waya, cikin dare, bayan yara sun yi barci, ta sa wa littafin naira 500, sai a ce ai data kawai ta saya, wata ta biya ta watsa wa rukuni goma. Kuna ƙorafin wannan a nan kusan kowane mako, kuma kuna da gaskiya. To wadda ta san zafin a ƙirga mata data a manta da darenta, ba ta da hujjar kashe maƙeri a babi na uku ba tare da ta bari mun ga hannunsa yana aiki ba. Ban da haka ma, asara ce ta fasaha. Jarumin da ke sa hannu a takardu ba shi da abin da zai koya wa mai karatu, ba shi da kalmomi. Marini kuwa yana da karofi da katsi da shuni, yana da ranar da ruwan baba ya nuna da ranar da ya mutu, yana da ɗan da ya ƙi gado ya sayi babur, da tsohon abokin ciniki da ya koma sayen na kanti yana sunkuyar da kai in sun haɗu a masallaci. Rikicin labari ke nan a shirye, ba sai an nemo kishiya mai asiri ba.

Saboda haka rubutun da za mu karɓa a wannan mako shafi ɗaya ne a kan mai sana'ar hannu ɗaya. Ku je da ƙafarku, da izininsa, ku zauna. Mata su shiga gidan mai ɗinkin hula ko mai saƙar faifai, maza su leƙa maƙera ko majema ko wajen dukawa. Ku tambayi sunan kowane kayan aiki da bakinsa, da kwana nawa abu ɗaya ke ci, da shekara nawa ya yi a gaban maigidansa kafin a bar shi ya taɓa aikin mutane, da kuma abin da aka biya shi a na ƙarshe da ya sayar. A turo kafin daren Alhamis, a ƙarƙashin wannan rubutu.