Tsakanin Kitabul Farƙi da Tsarin Mulkin 1999

Mutumin Kwadon, a ƙaramar hukumar Yamaltu-Deba kan hanyar Gombe zuwa Biu, magajin takardu ne iri biyu. Akwai rubuce-rubucen shugabannin jihadin 1804, wanda a cikinsa Buba Yero ya karɓo tuta ya kafa masarautar Gombe. Akwai kuma tsarin mulkin 1999.

Bambancinsu a fili yake. Wurin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shari'ar Allah ce a sama, sarki ma a ƙarƙashinta yake. Tsarin mulki kuwa, ko da yake gabatarwarsa ta ambaci Allah, sashe na 14 ya ce iko na jama'a ne, sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini ya zama na hukuma. Amma bai bi sawun Faransa wajen raba addini da gwamnati gaba ɗaya ba: sashe na 275 ya yarje wa jihar da ke buƙata ta kafa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a, sulhun da ya samo asali daga rikicin 1978, lokacin da wakilai Musulmi suka fice daga majalisar tsara tsarin mulki. A jihar da Musulmi da Kirista ke cin kasuwa ɗaya, daga Nafada har Billiri, wannan sulhu ba abin rainawa ba ne.

Sai dai ja-in-ja kan sashe na 10 ta sa an manta da abin da ya ci wa Shehu tuwo a ƙwarya. A littafinsa Kitabul Farƙi ya zayyana laifin sarakunan zamaninsa ɗaya bayan ɗaya: jangali, kuɗin gari, gaisuwar da talaka ke kaiwa kafin a saurare shi, ɗibar kayan 'yan kasuwa da ƙarfi, alƙalai masu karɓar toshiyar baki. Manomin da ake tare motar tumatirinsa a shinge bayan shinge bai buƙatar tafinta.

Tsarin mulkin ma ya yi alkawari. Babi na biyu ya ce tsaro da walwalar jama'a ne babban aikin gwamnati, kuma wajibi ne ta kawar da rashawa. Sai sashe na 6(6)(c) ya zo ya ɗaure hannun kotu, ya hana ta tuhumar gwamnatin da ta saɓa wa babin.

Tun 2010 Majalisar Tarayya take yi wa kundin kwaskwarima, ba ta taɓa wannan sashe ba. Shi ya kamata limamai da fastocin Gombe su tsare wakilansu a kai.