Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

Maganar da ke gaban jama'a yau ita ce ta waɗansu 'yan na'urori da ke jibge cikin ofisoshi da makarantu da shagunan masu gyaran waya, tun daga Kazaure har Babura da Roni da Gwiwa. Su ne waɗanda a ke kira modam da rauta, watau 'yan akwatunan nan da ke kamo intanet ta iska su miƙa wa kwamfuta. An saye su da kuɗi masu nauyi sa'ad da kamfanoninsu ke tashe. Kamfanoni suka faɗi, na'urori suka yi shiru, yanzu 'yan gwangwan ne ke bi suna kwashe su a kan kuɗin goro, a fasa a cire ɗan jan ƙarfen da ke ciki, saura a banka masa wuta. Wannan asara ce, gama da yawa daga cikinsu da sauran aiki a jikinsu, aikin kuwa yaran makarantun ƙauye ne suka fi kowa bukatarsa.

Masu shekaru ba su manta da kamfanonin da suka bi hanyar sadarwar da a ke kira CDMA ba, irin su Starcomms, wanda ya yi tashe ƙwarai a Kano, da Multi-Links da Zoom da Visafone. A 2007 kamfanin Telkom na Afirka ta Kudu ya biya dala miliyan 280 ya sayi kashi 75 cikin ɗari na Multi-Links, amma a 2011 sai ga shi ya sayar da shi ɗungum a kan dala miliyan 10. Visafone kuwa MTN ya saye shi a 2016. Sauran suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, domin jama'a sun karkata ga GSM. Bayansu kuma an yi ƙananan kamfanonin intanet da suka raba rautoci, su ma waɗansu suka bi sahu. Ko wanne ya tafi ya bar kayansa hannun mutane.

Irin wannan ya taɓa faruwa a Amurka. A 1994 wani kamfani mai suna Metricom ya fara sayar da intanet ta iska a jihar Kalifoniya, ya sa wa aikin suna Ricochet. Ya bi yana rataye ƙananan rediyoyi a jikin fitilun kan titi, ko wanne yana miƙa saƙo ga na gaba har ya kai inda za shi. Masu biyansa ba su wuce mutum 51,000 ba, bashi kuwa ya yi masa katutu, sai ya rufe a watan Agusta na 2001, watan da aka fara GSM a Nijeriya. Modamominsa suka zube a kasuwa, arha kamar banza. Sai masu hankali suka lura da cewa waɗansu daga cikinsu suna iya kiran junansu kai tsaye, ba sai sun bi ta kan kamfani ba. Waɗansu suka shiga sayensu biyu biyu suna haɗa kwamfutocinsu daga wannan gida zuwa wancan, ba mai biyan ko anini a wata.

To, amma kada wani ya ji wannan labari ya ce a aiko masa da na Amurka. Waɗancan suna magana ne a zangon iska na wajen megahaz 900, a Nijeriya kuwa wannan zango na kamfanonin GSM ne, sun biya kuɗinsa, kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, tana tsaronsa. Wanda ya kunna su nan zai dagula wa maƙwabta waya, ya kuma jawo wa kansa shari'a. Abin ɗauka daga labarin shi ne dabarar, watau a duba na'ura a ga abin da ta ke iya yi ita kaɗai bayan mai ita ya mutu.

In an zo duba na gida, kashi biyu ne. Kashi na farko su ne 'yan modamomin CDMA masu kama da ɗan yatsa, waɗanda a ke soka wa kwamfuta. Waɗannan ba su san kowa ba sai ƙarfen sabis na kamfaninsu, ranar da aka kashe ƙarfen ranar suka mutu, wahala ce kawai a tsaya kansu. Kashi na biyu su ne rautoci masu Wi-Fi. Rauta kamar zaure ne mai ƙofa biyu, ɗaya tana duban waje wajen kamfani, ɗaya tana duban cikin gida. Faɗuwar kamfani ƙofar waje kaɗai ta rufe. Ta cikin gida tana nan, duk waya ko kwamfutar da ke kusa tana iya shiga ta gana da 'yar'uwarta, ba kati, ba data.

Ga yadda za ta yi amfani. A sami tsohuwar kwamfuta ɗaya a makaranta, a zuba mata littattafan karatu da tambayoyin jarrabawar shekarun baya da darussan da malamai suka ɗauka da murya ko da hoto. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna Kiwix, wadda ke ajiye Wikipedia ɗungum, har da ta Hausa, a karanta ba tare da intanet ba. A jona kwamfutar da rauta, shi ke nan ɗakin karatu ya samu, yaro ya buɗe abin da ya ke so daga inda ya ke zaune. Rauta guda ba ta wuce aji biyu ko uku in akwai bango tsakani, amma a kan ja waya daga wannan rauta zuwa waccan har tsawon mita 100, a bi da su haka har a game makaranta. Wutar da ta ke ci kuwa ba ta fi ta ƙaramin ƙwan fitila ba, farantin sola ɗaya da batir sun ishe ta.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne, tun daga 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a ta kwamfuta gaba ɗaya. Yaro ya taso a ƙauyen Gwiwa ko na Roni, ya yi karatunsa tsakani da Allah, sa'an nan ranar jarrabawa ita ce ranar farko da zai zauna gaban na'ura, agogo na gudu, hannu na rawa. Abin da ya sani ma sai ya ɓace masa. Gwajin irin wannan jarrabawa kuwa ba ya bukatar intanet ko kaɗan. Kwamfuta ɗaya mai riƙe da tambayoyi, da rauta, da 'yan wayoyi ko kwamfutoci, sun isa a zaunar da yara su saba tun watanni kafin ranar.

Masu yin aikin ma ba sai an nemo su daga nesa ba. A Kazaure akwai makarantar ilmin kwamfuta da aka fi sani da Informatics, wadda aka kafa a 2001 zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu. A Babura akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda aka ba da iznin kafa ta a 2021. Ko wace shekara ɗaliban waɗannan makarantu suna neman aikin gwaji na kammala karatu, a rubuta a ɗaure a ajiye a kabad. Da shugabanninsu za su ce ko wane rukuni ya ɗauki makarantar ƙauye guda ya haɗa mata sadarwar cikin gida, ya koya wa malami ɗaya lura da ita, da ɗalibi ya sami ƙwarewa, ƙauye ya sami amfani. Ƙananan hukumomi su tattaro abin da ke kwance cikin ɗakunan ajiyarsu, a rubuta ko wanne a littafi kafin a fitar. Hakimai da dagatai su kira masu gyaran waya, gama su suka san inda kayan su ke. Duwatsun Kazaure da na Roni, waɗanda ke tare saƙon iska, su ma suna da rana, domin in aka ɗora eriya bisansu yadda biyu za su hangi juna, saƙo kan tafi mil da yawa.

Akwai masu cewa tsofaffin na'urori suna da haɗari, maganarsu kuwa tana kan hanya. Kamfanin da ya mutu ba ya sake toshe ɓarakar da ɓarayi ke bi, saboda haka kada a ɗora musu asirin marasa lafiya ko lissafin kuɗi, kuma a canja kalmar sirri da suka zo da ita. Batirin da ya kumbura a cire shi, don yana iya kama wuta da zafin bazara. Ƙarafunan sabis da aka bari a daji suna da masu su, wanda ya kwance su ɓarawo ne ko da wace niyya ya yi. Wanda kuma ya ke so ya jawo intanet ya riƙa sayar wa jama'a, lalle ya nemi lasisi wurin NCC tukuna.

Har wa yau kada Gwamnati ta ga an yi wannan ta ce an huta. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu na musamman, watau USPF, domin kai sadarwa wuraren da kamfanoni ba su ga riba ba, ƙauyukan kan iyaka kuwa suna da hakki a cikinsa. Wajib ne wakilan jama'a su riƙa tuni a kai. Amma yaron da zai zauna jarrabawa baɗi ba zai iya jiran ranar da alkawari zai cika ba, kuma addini ya hana almubazzaranci da abin da Allah ya hore. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A fara da makaranta ɗaya a ko wace ƙaramar hukuma, a ga abin da ya yi kyau da abin da ya ƙi, sa'an nan a faɗaɗa.

Allah ya ba shugabanni ikon duba wannan al'amari, ya ba yara nasara, amin. Wassalam.