Dukiyar Ƙasar Bade Tana Ƙarewa A Wankin Ƙoda

Duk wanda ya san arewacin Jihar Yobe ya san cewa arzikin Gashuwa da Katuzu da ƙauyukan da ke kewaye da su a bakin ruwa yake. Kogin Haɗejiya da na Jama'are suna gamuwa ba da nisa da Gashuwa ba, daga nan su zama Kogin Yobe, wanda ke gangarawa gabas har ya faɗa Tafkin Chadi. Albarkacin wannan ruwa ne Badawa suka shahara wajen kamun kifi da noman shinkafa, ko da yake ƙasar tasu mai gajeriyar damina ce. To, yau wannan ƙasa ta yi wani suna da babu mai so, watau yawan ciwon ƙoda, wanda ke kwantar da magidanta tun da sauran ƙarfinsu, ya cinye abin da suka tara, sannan ya tafi da su.

Kafin mai karatu ya gane girman wannan hasara, sai ya waiwayi tarihi kaɗan. A shekarar 1930 ne hanyar jirgin ƙasa ta iso Nguru daga Kano, tafiyar kimanin kilomita 230. Nan da nan Nguru ta zama matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu da busasshen kifi da dabbobi, kamfanonin Turawa da Kwarori suka kafa kantuna, fatake suka yi ta kwararowa daga ƙasar Hausa da Borno da Damagaram. Gashuwa, wadda ke gabas da Nguru, ita ma ta ci moriyar wannan ciniki, har hedkwatar masarautar Bade ta tashi daga Gogaram ta koma can cikin shekarun 1940.

Daga baya al'amura suka juya. Farin 1973 ya halaka dabbobi da amfanin gona, cutar gyaɗa ta 1975 ta karya cinikinta. Aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, duka a Jihar Kano, sai ambaliyar da ke shayar da fadamu kowace shekara ta ragu. Manoma suka koma noman rani da injin ban-ruwa, suka rungumi takin zamani da maganin feshi, ruwan sha kuma aka dogara ga rijiyoyi da burtsatse. Cikin 'yan shekaru ke nan aikin mutum da ruwan da yake sha suka sake kama.

Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri sun daɗe da lura cewa masu ciwon ƙoda da ake kawo musu daga Bade da Jakusko sun yi yawa ainun in an gwada da yawan jama'ar wurin. A ko'ina a duniya hawan jini da ciwon sukari su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, amma a nan ana samun marasa lafiya da dama waɗanda ba su da ko ɗaya daga cikin biyun. Zargin masana ya karkata ga abubuwa kamar haka: guba irin ta dalma da 'yan uwanta a cikin ruwan sha, da magungunan feshi, da aikin ƙarfi cikin zafin rana ba tare da isasshen ruwa ba, da yawan shan maganin ciwon jiki. Akwai kuma masu nuni da dagwalon majemun zamani na Sharaɗa da Challawa a Kano, domin ruwan da ya kwashe shi Kogin Haɗejiya yake shiga. A shekarar 2021 aka buɗe cibiyar binciken kimiyyar lafiya a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu ƙarƙashin Dokta Mahmud Bukar Maina, kuma wannan ciwo yana cikin manyan abubuwan da ta sa gaba, tare da haɗin gwiwar masana daga Ingila.

Ba ƙasar Bade kaɗai ta taɓa shiga wannan hali ba. Tun cikin shekarun 1990 aka ga irin wannan ciwo a tsakanin manoman shinkafa na Sirilanka, haka kuma a tsakanin masu saran rake na Nikaraguwa da Salbado, da wasu ƙauyukan Indiya. Abin koyi daga gare su shi ne ba su zauna jiran sakamakon bincike ba. A Sirilanka hukuma ta kafa injunan tace ruwa a ƙauyuka. A Nikaraguwa kuwa aka shigo da tsarin ba lebura ruwa da hutu da inuwa a lokacin aiki, aka kuwa ga raunin ƙoda ya ragu a tsakaninsu.

Muguntar wannan ciwo ita ce ba ya sallama. Kowace ƙoda tana da 'yan matatai kimanin miliyan ɗaya, kuma ƙodar nan biyu suna tace ruwan jini wajen lita 180 kowace rana, su fitar da dattin ta fitsari. Mutum yana iya rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa alhali yana zuwa gona yana cin tuwonsa lafiya lau. Sai ƙafa ta kumbura, amai da kasala sun sa shi gaba, sannan a nufi asibiti, lokacin kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe. Daga nan sai wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako, kowane zama kimanin awa huɗu, har iyakar rai, in ba an yi dashe ba. Asibitin Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda a 2002, na Maiduguri a 2010, amma kuɗin aikin miliyoyin Naira ne, ga kuma maganin da za a yi ta sha bayansa.

A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar rage kuɗin wanki daga Naira 50,000 zuwa Naira 12,000 a waɗansu asibitocinta. Wannan abin yabo ne. Sai dai mai karatu ya yi lissafi da kansa: ko a sabon farashin, wanki biyu a mako Naira 24,000 ne, a shekara ya haura Naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Ko da an yafe kuɗin gaba ɗaya, akwai kuɗin mota zuwa Damaturu, tafiyar da ta haura kilomita 180, da na masauki, da na ƙarin jini, da ɗan rakiya wanda shi ma ya bar sana'arsa. Da haka ake sayar da shanun huɗa, a bi da injin ban-ruwa, a jinginar da fadama, a fid da yaro daga makaranta. Kowane majinyaci ɗaya jari ne da ya fita daga kasuwar Gashuwa ba zai dawo ba.

Saboda haka ya kamata a mai da ƙarfi wajen tarar ciwon tun yana nesa. Awon hawan jini da gwajin fitsari da na jini ba su da tsada, kuma ya cancanta a same su a kowace ƙaramar shan-magani daga Katuzu har Dagona, a riƙa auna manoma da masunta sau ɗaya a shekara. Hukumar ruwa ta auna burtsatsen kowace unguwa, ta bayyana wa jama'a sakamakon da Hausa da Badanci, wadda aka samu da guba a rufe ta a kawo madadinta. Masu sarrafa ruwan leda su ma a bi su da awo. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru suna kusa, ya kyautu a ba su kayan aiki su riƙe wannan awo.

'Yan kasuwa su ma suna da nasu kason. Mai kemis da ke ƙulla wa lebura haɗin ƙwayoyin ciwon jiki kullum yamma, da mai tallar jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba, da mai sayar da maganin feshi ba tare da gargaɗi ba, duk suna rage masu sayen kayansu na gobe ne. Mai gona kuma ya tanadar wa 'yan ƙodagonsa ruwa da inuwa, ya ɗaga musu aiki in rana ta take.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. A ƙasar Bade ya fi shi araha ma nesa ba kusa ba, domin kuɗin wankin mutum ɗaya na shekara zai auna ɗaruruwan mutane. Sauran aiki yana hannun hukuma da masarauta da shugabannin kasuwa.