Wa zai gaji biram?

Yara manyan gobe, ku da ke zaune a Diffa da garuruwan bakin Komadugu, kun san ganga, kun san algaita. Kuna jin su ranar salla da wurin biki. To, a cikinku wa ya taɓa ganin biram? Na yi wannan tambaya a ajina, ba wanda ya ɗaga hannu.

Ga shi kuwa biram na jiharmu ne. In ka bi Komadugu ka yi gabas har Bosso, za ka isa bakin tafkin Cadi. Can Buduma suke, masu su da kiwon shanu a tsibirai. Biram abin kiɗansu ne. Ana sassaƙa shi kamar kwalekwale, a rufe shi da fata, a ɗaura masa tsirkiya biyar.

Saura kaɗan kiɗan nan ya ɓace. Samari sun daina koyo, gwanaye suna ta mutuwa, har ya rage tsoho ɗaya, Bukar Tar. Sai Allah ya kawo Malam Maman Barka. Shi Batube ne, haifaffen Tasker cikin jihar Damagaram. Malamin makaranta ne, kuma ya riga ya yi suna da kiɗan gurumi. A shekarar 2002 hukumar UNESCO ta ba shi taimako, ya tafi bakin tafki wurin tsohon nan. Duk da sunan da ya yi, ya zauna gabansa kamar ɗan aji ɗaya. Ya koyi kiɗan da waƙoƙinsa. Bukar Tar ya ba shi biram ɗinsa, daga baya ya rasu. A 2008 Malam Maman Barka ya kaɗa biram a wani babban taron makaɗa a Ingila. A 2009 faifansa ya fito, duniya ta ji.

Yadda ya koya, haka manyan makaɗa ke koyo ko'ina. Ku ɗauki ƙasar Indiya, wadda kuke jin kiɗanta a finafinai. Suna da wani abin kiɗa mai dogon wuya, wai shi sita, mai tsirkiya kusan ashirin. Wanda ya fi suna da shi a duniya shi ne Ravi Shankar. An haife shi a 1920 a birnin Banaras. Tun yana yaro ya je Faransa, yana rawa cikin ƙungiyar wansa. A 1938 ya bar wannan duka, ya tafi wani ƙaramin gari, Maihar, wurin malaminsa Allauddin Khan. Nan ya zauna har 1944, kullum yana bita. Bayan haka ya zaga duniya da sita, ya koyar da mutane da yawa. Ya rasu a 2012 yana da shekara 92, amma kiɗansa bai bi shi kabari ba. Ɗiyarsa Anoushka da sauran almajiransa suna nan suna kaɗawa.

Malam Maman Barka kuwa ya rasu a Yamai cikin watan Nuwamba na 2018. Ana kiransa gwanin biram na ƙarshe. Wannan kirari yana da daɗin ji, amma ni tsoro yake ba ni. Ƙari a kan haka, tashin hankalin da aka yi a yankin tafki ya sa mutane da yawa barin tsibirai a 2015. In dangi suka watse, yaro ba ya samun kakan da zai zauna kusa da shi.

Ga ra'ayina. Ɗan makaranta ya kamata ya fara zuwa wurin tsofaffi ya koyi abin da ke hannunsu, domin shi ke da alƙalami. Abin da ya ji zai iya rubutawa, wani ya karanta bayansa.

Na san wasu iyaye za su ce: "Mun sa ɗa makaranta ya zama likita ko malami, ba maroƙi ba." Suna da gaskiya a kan abu ɗaya: karatu shi ne gaba. Amma Malam Maman Barka ya riƙe alli, ya kuma riƙe gurumi, ɗaya bai hana ɗaya ba. Kuma ba kowane mai kiɗa ne ke roƙo ba. Cikin waƙoƙin gargajiya akwai sunayen kakanni, da labarin ruwa, da na dabbobi, da na jarumai. Wanda ya riƙe su ya riƙe tarihin mutanensa.

Wasu kuma za su ce: "Ai sai a ɗauka a waya a ajiye." A ɗauka, yana da kyau. Sai dai waya ba ta kama yatsanka ta gyara maka shi. Ba ta ce maka: "Ka yi sauri, sake." Malami kaɗai ke yin haka. Shi ya sa Ravi Shankar ya yi shekaru a Maihar, shi ya sa Malam Maman Barka ya tafi bakin tafki da kansa.

Ban ce kowa ya zama makaɗi ba. Ga abin da nake so ku yi a hutun nan. Ku nemi izinin iyayenku, ku je wurin wani tsoho ko tsohuwa da ta san kiɗa ko waƙar gargajiya. Ku durƙusa ku gaishe su. Ku ce: "Baba, wa ya koya maka?" ko "Kaka, me waƙar nan ke nufi?" Ku rubuta sunan abin kiɗan, da abin da ake yin sa da shi, da lokacin da ake kaɗa shi. In mun koma aji, kowa ya karanta mana nasa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Wataƙila magajin biram yana zaune a ajinku yanzu.

Tambayoyi
1. Su wa ke da biram, kuma yaya kamarsa take?
2. Me ya sa Malam Maman Barka ya tafi wurin Bukar Tar?
3. Wane abin kiɗa ake da shi a garinku? Wa ya iya kaɗa shi?